Yatsu Goman Akawu

Shafi na 17

Assalamu alaikum, masu bibiyar wannan labari. Na karanta saƙonninku duka, har da na baiwar Allah da ta ce na cika jan rai. Gyara ɗaya kawai zan yi wa wanda ya rubuto cewa na'urar ta zo a shekara ta biyar ta shirin tallafin abinci. A shekara ta huɗu ta zo, cikin wata na bakwai. Mun rabu ne a safiyar ranar rabo, lokacin da Sufeta ta iso daga hedikwata ba tare da sanarwa ba, ta sa Maigadi ya tura ƙyauren sito, ta zare tsofaffi tara daga cikin layi ta zaunar da su a benci.

*

Akawu ya daɗe da sanin cewa wannan rana tana tafe. Abin da bai zata ba shi ne za ta zo da ladabi. Sufeta ba ta ɗaga murya ba tun shigowarta. Ta gaida tsofaffin ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi lafiyar ƙafafunsu, sannan ta jawo kujera ta zauna dab da teburinsa, inda na'urar take. Da masifa ta zo, da ya san yadda zai yi da ita.

Ya kamata a fahimci yadda aka zo nan. A shekaru ukun farko na shirin, da tawada ake aiki. Mai kati ya dangwala yatsa a takarda, a auna masa shinkafa da wake da man girki, ya kama hanya. Tawada ba ta tambayar ko yatsa yana da zane. Sai aka kawo na'ura, wani ɗan akwati mai gilashi a samansa, wanda ke kunna kore idan ya gane zanen yatsan mutum, ya nuna hotonsa a fuskar kwamfuta, ya kunna ja idan bai gane ba. Wanda ya tsara ta ɓarayi ya hanga, kuma ya yi daidai, domin akwai su. Bai dai hangi hannun da ya shekara arba'in cikin ruwan sabulu ba.

Daga bayan sito ana jiyo ƙarar cokalin gini yana kankarar bango. Akawu ya yi ƙoƙarin kada ya saurara.

“Inna Mai Wanki,” in ji Sufeta, “zo ki ɗora mana yatsa.”

Tsohuwar ta taso tana dafa gwiwa.

“Wanne daga ciki, 'yata? Duk ɗaya suke, sumul kamar bayan cokali.”

“Babban na dama.”

Ta ɗora. Ja. Ta goga shi a goshi ta sake ɗorawa. Ja. Ta hura masa iska, ta yi bismillah, ta danna da ƙarfi har teburin ya motsa. Ja.

“Kin gani ko? Ni da akwatin nan ba mu taɓa shiri ba. Tun ranar da aka kawo shi yake harara ta.”

“Amma Inna, wata talatin da takwas ke nan akwatin yana cewa kin zo kin karɓi abinci.”

“To ai na zo, kuma na karɓa. Akwatin bai yi ƙarya ba.”

Maigadi ya fashe da dariya daga bakin ƙofa, ya yi saurin mayar da ita tari.

Haka aka bi sauran takwas ɗin. Marini wanda hannuwansa suka rine har wuyan hannu, mata biyu masu fasa dutse, tsoho mai dakon siminti, da sauransu. Babu wanda ya ga kore. Sufeta ta juyo ta dubi Akawu.

“A watan jiya an umarci duk ma'aikatan shirin su ba da zanen yatsunsu goma, saboda rajistar zuwa aiki. Ka bayar?”

“Na bayar, ranki ya daɗe.”

“Babbar kwamfuta ta hedikwata ta ce kai mutum goma sha ɗaya ne.”

Akawu ya ɗora hannuwansa biyu a kan tebur ya dube su. Hannuwan mai riƙe alƙalami ne, masu laushi, kowane yatsa da zanensa ƙarara. Ya ji kunyarsu a gaban waɗanda ke zaune a benci.

“Na rubuta wasiƙa sau uku,” ya ce. “Ta farko mako biyu bayan zuwan na'ura, ta biyu bayan wata shida, ta uku bara. Na bayyana cewa akwai waɗanda aiki ya cinye zanen yatsunsu, na roƙi a yi musu wata hanya. Ba a ba ni amsa ba.”

“Na gan su. Suna cikin fayil.”

“Ranar farko Inna ta tsaya a nan tun safe har azahar. Tana da miji a kwance da jikoki huɗu. Na'ura ta ce babu ita a duniya, ni kuma ina kallon ta. Sai na ɗora nawa a madadinta.”

“Kuma kowane wata kai kake dangwala mata.”

“Idan ta zo da kanta, na gan ta da idona. Ban taɓa dangwala wa wanda ban tabbatar yana raye ba.”

“Kuma kina ganin ya yi ƙiba?” Inna ta tsoma baki. “Dubi wuyansa, 'yata. Mai cin rabon mutum goma haka yake zama kamar tsinken shara?”

Sufeta ta ɗan murmusa, amma ba ta ɗauke ido daga kansa ba. Ta zaro takarda guda daga jakarta ta shimfiɗa.

“Ka saurare ni da kyau, Akawu, domin ba na son ka ce daga baya ban yi maka bayani ba. Hanya biyu ce a gabana. Idan na tabbatar mutum goman nan mabuƙata ne, kuma babu abin da ya haɗa ka da su sai tausayi, zan rubuta cewa gazawar na'ura ce. A ba su kati na musamman mai hoto, su karɓi abincinsu yau, kai kuma ka sha takardar gargaɗi. Amma ka san sashe na tara na dokar shirin.”

“Na sani.”

“Faɗa mini.”

“Ma'aikaci ba zai sa danginsa ko na matarsa a cikin shiri ba, sai ya sanar da hedikwata, an liƙa sunan a allon bakin ƙofa har kwana talatin.”

“Idan kuwa ya ɓoye?”

“Duk katin da ya bi ta hannunsa ta wannan hanya a dakatar da shi, har kwamiti ya zauna.”

“Kwamiti kuma sau biyu yake zama a shekara, ya zauna makon jiya. Ka ga wata shida ke nan babu ƙwayar shinkafa ga gidaje goma. Ba ni na rubuta dokar ba, kuma ba ni da ikon raba ta.”

Ɗaya daga cikin masu fasa dutse ta ƙanƙame buhun da ta zo da shi a ninke.

“To bismillah,” in ji Sufeta. “Ɗora su ɗaya bayan ɗaya.”

Ya ɗora babban yatsan dama. Kore. Fuskar Inna Mai Wanki ta cika kwamfuta, ɗankwali a karkace, ido a zare.

“Wayyo ni!” in ji Inna. “Wannan hoton ai ko ɓarawon akuya ya fi shi kyan gani.”

Ya ɗora manuni, Marini ya bayyana. Ya ɗora na tsakiya, ga tsoho mai dakon siminti. Haka ya gama da hannun dama ya koma na hagu, kowane yatsa da fuskarsa, Sufeta tana duban kwamfuta tana duban benci tana yin alama a takarda. Maigadi yana ƙirgawa a hankali kamar mai raka ɗalibi karatu.

Tara.

Saura ƙaramin yatsan hagu. Akawu ya naɗe shi cikin tafin hannunsa.

“Na goma ba ya cikin layi yau,” in ji Sufeta. “Na duba, ba a taɓa ganinsa a layi ba. Wata goma sha huɗu ke nan.”

“Tsoho ne. Kai masa ake yi.”

“Me ya sa ka tsaya a goma?”

“Yatsuna sun ƙare, ranki ya daɗe.”

Bai yi niyyar ƙara komai ba, amma maganar ta fito da kanta.

“Wata ɗaya bayan na ba da na ƙarshe, wata mata ta zo. 'Yar aikatau ce, hannuwanta duk sun tsage da sodar wanke tayil. Na gwada yatsunta goma, ja. Ba ni da abin da zan ba ta. Na ce ta bar sunanta in sake rubuta wasiƙa, ta ce ba ta zo don a rubuta sunanta a yawo da shi ofis-ofis ba. Ta fita. Ban sake ganinta ba, ban san ko daga ina take ba.”

Sufeta ta nuna masa na'urar.

“Allah ya sa tana lafiya,” ta ce. “Ɗora na ƙarshen.”

Ƙarar cokalin gini ta tsaya a bayan sito.

Wajibi ne in faɗa wa mai karatu ko wane ne ke kankarar bangon nan. Shekara hamsin da ɗaya da suka wuce wani kamfanin sayen amfanin gona ya gina wannan sito, kuma cikin maginan da suka aza tubalinsa akwai saurayi ɗan shekara ashirin da ɗaya. Kamfanin ya rushe shekara goma sha tara ke nan, sito ya zama na hukuma, saurayin ya zama Tsohon Magini, idonsa ya yi rauni, masu ba shi aiki suka ragu. Duk da haka kowace damina yakan zo ya duba bangon ya toshe tsaga, ba tare da an kira shi ba, ba kuma ya karɓar ko kwabo. Ranar da aka buɗe shirin tallafi ya faɗa a gaban jama'a cewa shi da ya ɗora bangon nan ba zai tsaya layi a inuwarsa da buhu a hannu ba. Shi ne mahaifin matar Akawu.

Matar ce ta dawo daga gidan iyayenta wata rana tana kuka, ta ce ta buɗe tukunyar mahaifiyarta ta tarar da ruwa kawai ake tafasawa don maƙwabta su ga hayaƙi. Abin da suke iya kaiwa daga albashin Akawu tsohon yakan mayar da shi, ya ce bai aurar da 'yarsa don a ciyar da shi ba. Liƙa sunansa a allon bakin ƙofa kuwa, da kashe shi ɗaya ne. Sai suka shirya cewa ita za ta riƙa kai kayan cikin buhu marar rubutu, ta ce tsohon kamfaninsa ne ya tuna da ma'aikatansa.

Akawu ya ɗora ƙaramin yatsan. Kore.

Fuskar tsohon ta bayyana, hoton da aka yanko daga na ranar wani taron iyali, yana kallon gefe, fuska a ɗaure.

Inna Mai Wanki ta ja numfashi ta sunkuyar da kai. Ta san shi, kamar yadda duk wanda ke bencin ya san shi. Babu wanda ya yi motsi.

“Mene ne haɗinka da shi?” in ji Sufeta.

Akawu ya dubi buhunan da ke ninke a cinyoyin mutum tara. A duk shekarunsa na aiki bai taɓa yi wa na gaba da shi ƙarya baki da baki ba.

“Babu komai, ranki ya daɗe. Tsohon magini ne, siminti ya cinye masa hannu.”

Sufeta ta ɗauki alƙalami.

A daidai nan ƙaramar ƙofar baya ta buɗe, Tsohon Magini ya shigo riƙe da bokiti.

“Maigadi, famfon waje ya ƙi. Ba ni ruwa rabin bokiti in kwaɓa.”

Kafin Akawu ya san abin da yake yi, ya riga ya miƙe tsaye. Kujerarsa ta faɗi baya. Ya isa wurin tsohon ya karɓi bokitin da hannu biyu, kansa a ƙasa.

“Sannu, Baba. Kawo, Baba.”

Sai da bokitin ya zo hannunsa ya gane abin da ya yi.

Sufeta ta ajiye alƙalamin a hankali.

“Tsofaffi tara sun wuce ta gabanka yau, Akawu. Ka gaishe su da mutunci, amma ban ga kujerarka ta faɗi saboda ko ɗaya ba.”

Tsohon Magini bai ji ta ba. Ya matso kusa da kwamfuta yana ƙanƙance ido, har hancinsa ya kusa taɓa gilashin.

“Wannan ai ni ne.”

“Kai ne, Baba,” in ji Sufeta. “Zauna, in yi maka tambaya ɗaya.”

“A tsaye nake amsa tambaya.”

“Akwai dangantaka tsakaninka da wannan ma'aikaci?”

Inna ta yi tari, tarin da ba na ciwo ba. Marini ya kafe tsohon da ido yana girgiza kai a hankali. Akawu yana tsaye riƙe da bokiti.

Tsohon ya dube su duka, ya dubi Akawu.

“Mijin 'yata ne.”

Ɗaya daga cikin masu fasa dutse ta ɗora hannu a ka. Inna ta miƙe, ta manta da ciwon gwiwa.

“Kai dai Allah ya shirye ka, tsoho! Gaskiyar taka za mu dafa wa jikoki? Da ka yi shiru bakinka zai ruɓe ne?”

“Shekarata saba'in da biyu, ban taɓa aza tubali a karkace don mai gida ya ji daɗi ba. Ba yau zan fara ba.”

“To ka ji daɗi! Wata shida ka jawo mana!”

Sufeta ta yi masa bayanin sashe na tara a taƙaice. Ya saurara har ta gama, cokalin gini yana hannunsa.

“Wato laifin shi ne danginsa sun ci abincin hukuma a ɓoye.”

“Shi ke nan, Baba.”

“To ban ci ba.”

Akawu ya ɗago kai.

“Baba?”

“Kai, ka ɗauka tsufa ya taɓa mini hankali ne? Kamfanin da ya mutu shekara goma sha tara, ni na taya su cire allon sunansu daga bangon nan, shi ne zai tashi daga kabari ya aiko mini da wake? Kun sauya buhu, amma ba ku sauya ƙulli ba. Maigadin nan ne kaɗai yake ɗaure bakin buhu da ƙulli biyu a gefe guda.”

Maigadi ya ɓoye hannuwansa a baya.

“Buhun farko a lungu na ajiye shi, ban taɓa ba. Ban mayar ba don kada 'yata ta yi kuka. Ni da uwarta muka ci gaba da abin da Allah ya hore, wata rana gyaran murhu, wata rana gyaran dakali. Ba mu mutu ba.”

“Ina abincin yake tafiya?” in ji Sufeta.

Tsohon ya juya hannunsa ya dubi tafinsa, fari fat da siminti, babu zane ko ɗaya.

“Wata rana ina bayan sito ina aiki, wata mata ta fito daga nan ta jingina da bangona tana kuka, tana duban hannuwanta. Na ga irin nawa ne. Na bi ta daga nesa har na ga inda ta shiga. Yara uku ne a ɗakin, da uwarta makauniya. Washegari na kai mata buhun. Tun daga ranar, wata goma sha uku, abin da 'yata ta kawo da yamma, da safe yana ɗakin matar nan.”

Bokitin ya kuɓuce daga hannun Akawu. Matar da ya kasa yi wa komai, wadda ta hana shi sukuni fiye da shekara, ashe da ƙaramin yatsansa take ci.

Inna ta koma ta zauna, ta ja gefen mayafi ta share ido.

“Mugun tsoho,” ta ce a hankali. “Da ka fara da nan ai.”

Sufeta ta daɗe tana duban takardar da ke gabanta. Da ta ɗago, muryarta ta sauya, amma ba ta yi laushi ba.

“Baba, idan abin da ka faɗa gaskiya ne, to abincin bai shiga gidan dangin ma'aikaci ba, kuma ina da abin da zan tsaya a kai in kare katunan nan. Amma hedikwata ba ta karɓar labari. Dole in ga matar da idona, in ji daga bakinta, in rubuta sunanta. Rahotona zai tafi ƙarfe huɗu na yamma, da sunanta ko babu.”

Ta zare wayar na'urar, ta miƙa hannu Maigadi ya ba ta makullin sito.

“Babu buhun da zai fita daga nan sai mun dawo. Mu je, Baba. Ga mota a waje.”

Akawu ya riga ya kai bakin ƙofa. Tsofaffin sun fara miƙewa suna hamdala.

Tsohon Magini bai motsa ba.

“Baba, mu je,” in ji Akawu.

Tsohon ya ajiye cokalin gininsa a kan tebur. Ya taka a hankali zuwa bencin da ya shekara bakwai yana kauce wa, ya zauna a ƙarshensa, kusa da Inna Mai Wanki.

“Ba zan iya ba.”

“Don me, Baba?”

“Ranar da na kai buhun farko ta ƙi karɓa, sai da ta sa na rantse da Allah cewa ko 'yata ba za ta san ƙofarta ba.”